Rainon Murjani a Falon Alhaji Bukar

Abin da na fara lura da shi ranar da Kaka ya kai ni gidan Alhaji Bukar ba kifin ba ne. Wani farin ɓawo ne da ya daskare a jikin wayar fitila da bakin gilashin tankin kifin da ke falonsa, kamar an yayyafa koko ya bushe. Kaka ya ga na tsaya a wurin, ya kankare shi da farce, ya ɗora mini a tafin hannu.

"Lasa," ya ce.

Na lasa. Gishiri ne, amma da ɗaci-ɗaci, ba irin na miya ba.

"To kin ga aikin ke nan. Kowa ya shigo kifi yake kallo. Mu ruwa muke kiwo, amaryata. Kifi da murjani baƙi ne a cikinsa."

Ina aji ɗaya na ƙaramar sakandare a lokacin. Yanzu ina ajin ƙarshe na babba, kuma dariyar da aka yi mini a aji ce ta sa na zauna rubuta wannan. Malamarmu ta Hausa ta ce kowa ta tashi ta faɗi sana'ar gidansu. Da aka zo kaina na ce murjani muke raino a cikin ruwan gishiri. Wata daga baya ta ce, "Wato barbaɗa wa kifi abinci, shi ne sana'a?" Aka kwashe da dariya. Ni bakina ba ya buɗuwa a gaban mutane, sai na koma na zauna. Amsar da na kasa bayarwa ran nan ita ce wannan.

Murjanin da kuka sani, na wuyan kakanninmu mata, ƙashi ne, mai shi ya daɗe da mutuwa. Mai rai dabba ne, ko da yake in kun gan shi za ku rantse tsiro ne ko dutse. Yana manne wuri ɗaya, yana da 'yan ƙananan bakuna masu buɗewa da rufewa, yana gina ƙashinsa a hankali da abin da yake tsotsa daga ruwa. Ba ya kuka, ba ya gudu. In abu ya dame shi sai ya rufe bakunansa, launinsa ya dushe, wata safiya a tarar da shi fari fat. Fari a aikinmu mutuwa ce.

Kakana, mahaifin innata, sunansa Malam Garba, amma a Azare Mai Teku ake ce masa. Yana saurayi ya tafi Legas cirani, ya samu gadi a gidan wani Bature mai irin wannan tankin gilashi. Ya ce ya yi shekaru yana ɗaukar jarkoki da wanke bokitai kafin a bar shi ya tsoma hannu, kuma ko a lokacin sai Baturen ya kama hannun ya shinshina tukuna. Da ƙarfi ya fara ƙarewa ya dawo gida yana sayar da albasa. Alhaji Bukar kuwa asalinsa Borno, babban mai sayen wake da riɗi ne da ya daɗe da zama a garin nan. A wani otal a Jidda ya ga murjani mai rai, ya ce shi ma sai an dasa masa a falo. Masu haɗawa suka zo daga Legas, suka haɗa, suka ɗauki hoto, suka tafi. Kafin wata ya zagayo komai ya koma ruwan ƙasa. A masallaci wani ya ce masa ai akwai wani mai albasa da ya taɓa aikin teku.

Ni kuma ido ne ya shigar da ni. Yanar ido ta fara rufe wa Kaka gani, aikin nan kuwa rabinsa launi ne. Ya gwada yayyena maza biyu. Ɗaya ya tsoma hannu da man shafawa, ɗayan ya ce ba zai ɓata Asabar ɗinsa yana kallon ɗigon ruwa ba. Sai Kaka ya ce wa innata, "Ba ni waccan mai shirun. Na ga ita ke tsince tsakuwar da kowa ya tsallake a shinkafa."

Aikin farko da ya ba ni shi ne awon ƙarfin ruwa. Ana ɗibar ruwan tanki a 'yar kwalba, a riƙa ɗiga magani ana kaɗawa, har shuɗin ya juya ya koma ruwan ɗorawa. Yawan ɗigon shi ke faɗa ko ruwan yana da abin da murjani zai gina ƙashi da shi. Wahalar tana wurin juyawar. Akwai wani kore-kore da ke giftawa kafin ainihin launin ya zo, wanda bai sani ba a nan zai tsaya. Kaka yana zaune a kan kujera 'yar tsugunno, ya juyo kunne wajena.

"Ya juya?"

"Ya kusa."

"Ba 'ya kusa' a aikin nan, amarya. Ki ajiye 'ya kusa' sai masu neman aurenki sun zo. Ya juya ko bai juya ba?"

"Bai juya ba."

"To ɗiga."

Gishiri kuma da wani ma'auni ake duba shi, mai kama da ƙaramar tocila. A ɗiga ruwa a gilashinsa, a ɗaga wajen taga a leƙa, a ga inda layi ya tsaya. A nan kowane sabon shiga yake faɗuwa. Zafin Azare yana shan ruwan tanki kullum, a ga ya sauka. Hankali zai ce ruwan gishiri ya ragu, a ƙara ruwan gishiri. To ruwa ne ya tashi, gishirin yana nan bai je ko'ina ba. Ruwa zalla ake ƙarawa, shi ma ba na rijiya ba, ba na burtsatse ba, ba na leda ba. Sai wanda ya bi ta matata, wata na'ura da ke bayan ɗakin girki tana ɗigo kamar mai jin ƙyuya, a wuni ba ta cika jarka. Gishirin ma ba na kasuwa ba ne, a buhu yake zuwa daga Legas ta motar kaya. A dama shi a duro, a sa famfo ya kwana yana juya shi, sannan a zuba. Duk mako biyu muna kwashe wani kaso na tsohon ruwa mu mayar da sabo, ni ke jan tiyo, ni ke ɗaukar bokiti.

Hannun mai wannan aiki ba nata ba ne. Ba sabulu mai ƙamshi, ba man shafawa, ba turare, ba lalle. Tun da na fara, duk sallah ƙawayena suna miƙa hannu biyu ga mai zanen lalle, ni na hagu kaɗai nake miƙawa, na dama na tanki ne. Har yau a aji akwai masu zaton ciwo ne da ni a hannun.

Wata Asabar muka tarar gansakuka ta fara rufe duwatsun, kore shar kamar bakin kududdufi. Na yi awo, komai daidai. Kaka ya kira mai gadi ya tambaye shi ko an yi baƙi a makon. An yi, abokan cinikin Alhaji daga Potiskum. Abba, babban ɗan Alhaji, ya cire agogon da ke kunna fitilar tanki da kashe ta, ya bar farar fitila tana ci dare da rana don baƙi su sha kallo. Murjani da haske yake rayuwa, akwai wasu ƙananan tsirrai a cikin namansa da ke samar masa abinci da shi. Amma rana yake so irin ta Allah: ta fito a hankali da shuɗi, ta yi ƙarfi, ta faɗi, a yi duhu. In an ƙara masa, gansakuka ake ciyarwa, shi kuma ya ƙone. Mun yi makonni muna kankarar duwatsu da sabon buroshin haƙori. Abba ya zo wucewa da makullin mota a hannu, ya ce, "Baba Mai Teku, fitila ce fa kawai."

"Haka ne, ranka ya daɗe," in ji Kaka. Sai da Abba ya fita ya ƙara da cewa, "Shi ma a rataya masa ita a ka mako guda, mu ga launinsa."

Gudun ruwa da zare muke duba shi. Na zare zare daga gefen tsohon hijabina, muka wanke, Kaka ya ɗaura a bakin sandar roba. Akwai ƙananan famfuna biyu manne a gilashi suna fuskantar juna. Zan tsoma sandar a kowane lungu in faɗa masa abin da zaren ke yi. In ya miƙe ɓangare ɗaya bai motsa ba, ruwan ya yi ƙarfi, zai fiƙe naman murjanin. In ya kwanta, lungun ya mutu, nan dauɗa za ta taru. Rawa ake so ya yi, ya je ya dawo, kamar ganyen gero da iskar hadari. Wani lokaci kaurin ɗan yatsa za a karkata famfo, amma a yi rabin yini ana nema.

A ƙarƙashin tankin akwai durowa mai ƙofa biyu. Baƙi suna zaton ta ajiyar kaya ce, alhali hanjin aikin ne a ciki. Akwai ƙaramin tanki inda ruwa ke sauka a tace shi ya koma sama, akwai kuma injin kumfa. Injin nan iskar ɗaki yake zuƙa ta wani siririn tiyo, ya kaɗa ta cikin ruwa, kumfar ta kwaso dauɗa ta tara a kofi. Wanke kofin aikina ne, warinsa ya fi na kwata. Duk abin da ke cikin iskar falon ta nan yake shiga ruwa. Shi ya sa Alhaji ya kafa doka: ba fesa maganin sauro, ba kaskon turare a falon nan. A gidan 'yan Borno wannan ba ƙaramar doka ba ce. Ko'ina a sashen Hajiya Yagana, matar Alhaji, har labulen banɗaki ƙamshin turaren wuta yake. Falon maigida kaɗai ke ƙarnin teku, kuma na sha jin ta tana cewa kunya yake ba ta in baƙi sun shiga.

A da gidaje uku muke zagayawa. Bayan Alhaji ya yi nasa, wani otal da wani ɗan kwangila a hanyar Jama'are suka yi koyi. Shekarar da man fetur ya fi ƙarfin mutane ita ta cinye su. Otal suka fara kashe janareto da rana, ruwan da ya tsaya kuwa a bazarar Azare ba ya kai la'asar bai yi zafi ba. Muka riƙa daskarar da ruwan matata a gorunan lemo muna jefawa ciki. Ga shi azumi ne, kowa ƙanƙara yake nema, masu firiza ba su da wurin gorunanmu. Kaka da azumi a bakinsa ya tsaya yana ɗibar ruwa da moɗa yana zubowa daga sama don iska ta shiga, har hannunsa ya daina ɗaguwa, na karɓa. Bai hana murjanin mutuwa ba. Manajan ya sa aka wanke ƙasusuwan aka jera a kan kanta wurin karɓar baƙi, ya ce ai sun ma fi kyau da fari. Ɗan kwangilan ko kiranmu bai yi ba, zuwa muka yi muka tarar da tarwaɗa a ciki.

Na Alhaji ya tsira saboda ya sa sola da batura. Daga shekarar nan shi kaɗai ya rage, a Azare da ƙasar Katagum duka, in ji Kaka. In ya mutu, sana'ar ta ƙare a garin nan, Mai Teku ya koma mai albasa, ga shi ko albasar ba ya gani. A tsakiyar tankin akwai wani murjani mai rassa kamar ƙahon barewa, kore da bakin shuɗi. Kaka ya karɓe shi a leda daga motar Legas bai wuce ɗan yatsa ba. A lokacin da nake ba ku labari ya kai faɗin faifai.

Bara Alhaji ya tafi Umra a goman ƙarshe na azumi, aka ce zai dawo bayan sallah. Idon Kaka ya riga ya yi nisa, ni kaɗai nake zuwa awo in koma in faɗa masa. Ana jibi Alhaji zai sauka, na shiga falon da hantsi na tarar da mata a ciki. Yayar Hajiya ce ta zo daga Maiduguri, Ya Fati, wadda haɗa turare ne sana'arta. An jera kasake a kan tire, ana hura gawayi a bakin ƙofa, ga kwalaben turaren wuta a buɗe suna maiƙo.

Na gaishe su, na tsuguna kusa da Hajiya, na ce a hankali Alhaji ya hana.

"Alhaji ya hana yana nan," in ji Ya Fati. "Mutum ya dawo daga ɗakin Allah, ya shigo falonsa yana ƙarni kamar motar 'yan kifin Baga? A gidan ƙanwata? Wallahi a'a."

Hajiya ba mai zafi ba ce, ta dafa kafaɗata. "Kar ki damu, 'yata, mun yi tunaninsa. Da bargo za mu lulluɓe shi, hayaƙi ko kaɗan ba zai taɓa kifin ba."

Na ce ba ta sama yake shaƙa ba, ta ƙasa ne, na nuna durowar. Ya Fati ta buɗe ƙofar. Warin kofin kumfa ya bugi hancinta, ta ja da baya tana toshe hanci da mayafi.

"Innalillahi! Ashe ga inda mushen yake! Yagana, nan ma za a fara sa wa kasko."

Na sake magana, amma muryata ba ta fi ƙarar mafici ba. Suka yi dariya, aka cusa mini cincin ɗin sallah a leda, aka ce in gaida Malam.

Wanda ya san turaren 'yan Borno ya san ba zagayawa ake yi da kasko a fita ba. Rufe taga ake yi, a toshe ƙarƙashin ƙofa da tsumma, a kashe fanka don kada ta kore hayaƙin, a sa kasko a cikin kowace durowa, a kulle ɗaki ya kwana har ƙamshin ya kama bango. Cikin fankokin da suka kashe har da 'yar ƙaramar da ke hura saman ruwan tana sanyaya shi. Ga bazara a tsakiyarta.

Na koma gida da gudu na faɗa wa Kaka. Ya lalubi sandarsa, muka tari keke mai ƙafa uku. Da muka isa an riga an kulle falon. Mai gadi ya ce makullin yana wurin Ya Fati, ita kuma an tafi da ita Jama'are gaida dangi, sai gobe. Kaka ba ya shiga sashen mata, ya aike ni in roƙi Hajiya ko a ɓalle kwaɗon. Ta ce ba za ta ɓalle ƙofar maigida ba ya nan ba, kuma a gaya wa Malam ya kwantar da hankalinsa, bargo biyu suka sa. Muka tsaya a jikin tagar. Hayaƙi yana tsiyayowa ta gefen labule, siriri, mai daɗin ƙamshi. Kaka ya kara kunne a gilashin tagar yana sauraren injin kumfa, ya daɗe a haka, sannan ya ce mu tafi.

Washegari da aka buɗe, ni na yaye bargon. Ɗumi ne ya fara dukan fuskata, kamar an buɗe tukunya. Ruwan ya yi fari-fari kamar tsari, sama kuma mai ya kwanta yana walƙiya. Kifaye biyu suna saman ruwa suna haki, sauran sun mutu, famfo ya manne su a jikinsa. A cikin durowa ga kasko da tokarsa daf da bakin tiyon iska, kofin kumfa ya cika ya tumbatsa ƙasa.

"Faɗa mini launi," in ji Kaka.

Na faɗa masa ɗaya bayan ɗaya.

"Mai ƙahon fa?"

"Fari ya fara daga gindi. Naman yana saɓulewa kamar fatar tumatur da aka tafasa."

"To. Buɗe tagogi."

Muka yi abin da ake yi. Na kunna fankoki, na kwantar da farar takarda a saman ruwa ina ɗagawa tana kwaso man. Muka cusa jakar gawayin tacewa, wani baƙin gawayi na musamman mai tsotsar dafi, a inda ruwa ke wucewa. Na karɓo ƙanƙara daga firizar Hajiya, na ɗaure a leda biyu na ɗauraye na saka. Maganin gaskiya shi ne sauya ruwa, a sake sauyawa, amma duro ɗaya ne da mu a dame, gishirin da ya rage a gindin buhu bai kai na wani ba, sabon kuma yana can ya maƙale a hanya saboda hutun sallah. Muka zuba wanda muke da shi. Hajiya ta zo bakin ƙofa ta tsaya, ta kama mayafinta da hannu biyu.

"Malam, zai tashi?"

"Sai abin da Allah ya yi, Hajiya."

Ya Fati daga bayanta ta ce, "Mu dai mun rufe shi da bargo." Aka aiko mana da kunu, ya huce a inda aka ajiye. Kafin azahar farin ya hau rassan, kafin la'asar ya kai bakin shuɗin. Ina faɗa wa Kaka inda ya kai, har ya ce in bari haka nan.

Ranar da Alhaji ya sauka gidan ya cika. Ana rabon dabino da zamzam, mata suna guɗa daga ciki. Ya shigo falon da abokansa da Abba a bayansa, mu kuma muna tsaye a gefen tanki. Ya tsaya a tsakiyar kafet ya ja numfashi. Na ga hancinsa ya buɗe, na ga ya kalli labule, ya kalli tankin da ya koma fari kamar an zuba alli, sannan ya kalli ƙofar da ke shiga sashen Hajiya. Ya daɗe yana kallon ƙofar nan.

"Malam Garba," ya ce, "idon nan ya gaza ko?"

Kaka ya gyara riƙon sandarsa. "Ya gaza, Alhaji."

"Allah ya ba da lafiya. Ka yi ƙoƙari. Ka huta haka nan."

Aka ce amin. Aka ba Kaka dabino da carbi da hula, abokan suka yi ta cewa ai tsufa ba wasa ba.

A hanya na ce, "Kaka, ai ya ji ƙamshin."

"Ya ji mana. Hancinsa lafiya lau."

"To me ya sa ka amsa?"

"A gaban abokansa zai ce matarsa ta kashe masa abu garin yi masa maraba? Ko ni zan faɗa, ina tsaye a kan kafet ɗinta? Dole a sami mai laifi, amarya, kuma makaho ya fi arha." Ya miƙo mini dabinon. "Ungo, ni ba ni da haƙori."

A makon aka fara cewa a kasuwa Mai Teku ya makance ya zuba wa kifin Alhaji magani fiye da kima. Har innata aka yi wa jaje a gidan suna. Kaka ya daina fita sai masallacin ƙofar gida.

Abba ya ɗauko wani saurayi daga Kano. Ya ce shi tsarinsa ba wahala: ruwan famfo, furannin roba, jajayen kifaye, wata-wata a wanke. Aka aiko mu zo mu kwashe kayanmu. Kaka ya ce in je ni kaɗai, ya lissafa mini abin da ke nasa: ma'aunin gishiri, kwalaben awo, ƙaramin famfo, da wata 'yar fitila shuɗiya da ya zo da ita tun daga Legas.

Na tarar an fara zuƙe ruwan da tiyo zuwa kwata. Duwatsun an fito da su an zube a bakin famfon tsakar gida, rana tana dukansu, ƙudaje sun taru. Mai ƙahon yana gefe, an karya masa reshe, wata yarinya tana wasa da shi. Na tsuguna ina juya duwatsun, don ban saba wuce dutse ban duba ƙarƙashinsa ba. A gindin wani, wajen da ke fuskantar ƙasa, na ga wani tabo bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ba daga mai ƙahon ba ne. Wani murjani ne ruwan ƙasa mai rarrafe a kan dutse, irin wanda ba wanda ke ɗaukar hotonsa. Bakunansa a rufe suke gam, amma ba fari ba ne. Na taɓa shi da farce, ya ƙara tsukewa.

Na ɗauki bokitin aikinmu, na shiga falon na cire tiyon daga hannun saurayin na tari ruwa kafin ya ƙare. Ya ce, "Ke lafiya?" Na saka dutsen, na jefa ƙaramin famfon a ciki, na tsaya riƙe da wayarsa. A gidanmu wuta sai ta ga dama take zuwa, wani lokaci a yi kwanaki ba a gan ta ba. Ruwan bokiti ba famfo ba fanka, a zafin nan, ba zai kai magariba ba.

Ban taɓa shiga ɗakin Hajiya ba sai an kira ni ko an aike ni. Na yi sallama, na ajiye bokitin a bakin kafet, na tsuguna. Ita kaɗai ce, Ya Fati ta koma Maiduguri.

"Jikar Malam. Wani abu kuka manta?"

Na karkata bokitin na nuna mata tabon. Na ce yana da rai. Ta sunkuyo ta daɗe tana kallo, ba ta ɗago ta kalle ni ba.

Na ce, "Hajiya, in na kai shi gidanmu yau zai mutu. Don Allah a ba ni soket ɗaya a sitor ɗin da ke kusa da batura, inda ba a shiga da kasko, in ajiye bokitin nan. Ba sai an gaya wa Alhaji komai ba. Ni zan riƙa zuwa."